Idan Furotin Ya Yi Naɗin Baibai: Tambayoyi da Amsoshi Kan Naɗewar Furotin da Cututtukan da Ke Biyo Baya

Yawancin cututtukan da muka saba da su baƙo ne ke kawo su. Ƙwayar cuta ta shigo daga waje, jiki ya tashi ya yaƙe ta. Amma akwai wasu da babu baƙo a cikinsu ko kaɗan. Abin da jikinka ya ƙera da kansa ne yake sauya siffa, ya koma yana cutar da kai. Cutar mantuwa ta Alzheimer, cutar makyarkyata ta Parkinson, haukan shanu, har da wani ciwon zuciya da ake yawan kuskuren ganewa, duk a nan suka yi mahaɗa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Wai mene ne furotin, kuma me ake nufi da cewa yana naɗewa?

Da an ambaci furotin, hankalin mutane kan tafi ga abinci mai gina jiki. Wannan gefe guda ne kawai. A cikin jiki, furotin su ne ma'aikata. Himogulobin mai dakon iska a cikin jini furotin ne. Insulin mai daidaita sukari furotin ne. Haka abin da ke sa tsoka ta motsa, haka sojojin garkuwar jiki, haka gashi da farce. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kusan 20,000 da ke ɗauke da umarnin ƙera su.

Kowane furotin yakan fito ne a matsayin miƙaƙƙen zare da aka jera wa ƙananan duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Duwatsun nan su ne amino asid, kuma iri 20 ne. Wani zaren gajere ne, kamar insulin mai guda 51 kacal, wani kuwa ya haura 30,000, kamar wani ƙaton furotin da ke cikin tsoka. Muddin zaren yana miƙe, ba ya tsinana komai. Sai ya murɗe, ya lanƙwashe, ya nannaɗe ya zama dunƙule mai siffa takamaimai, da lungu da saƙo da rami, sannan ya iya aiki. Ka duba mabuɗi: ƙarfen ɗaya ne da na kowane mabuɗi, haƙoran da aka fitar masa ne suke buɗe kwaɗo. A lanƙwasa haƙori ɗaya, ƙarfen yana nan amma ƙofa ba za ta buɗu ba.

An daɗe ba a ga wannan siffa da ido ba. A 1958 ne John Kendrew ya fitar da hoton furotin na farko a Ingila, abokin aikinsa Max Perutz kuma ya shafe fiye da shekara 20 kafin ya gano siffar himogulobin. An ba su kyautar Nobel tare a 1962.

To wa ke gaya wa zaren yadda zai naɗe?

Babu kowa. Umarnin yana cikin jerin duwatsun kansu, kuma wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a fannin gaba ɗaya.

Wanda ya tabbatar da haka shi ne Christian Anfinsen, a Amurka, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960. Ya ɗauki wani ƙaramin furotin na jikin shanu mai suna ribonukiliyes, mai amino asid 124, wanda aikinsa yanka wani sinadari ne. A jikin wannan furotin akwai wurare 8 da ke ƙullewa bibbiyu su ba da ƙulli 4, su riƙe naɗin kada ya kwance. Anfinsen ya zuba masa yuriya da wani sinadari mai tsinke ƙulli. Furotin ya warware ya koma zare, aikinsa ya tsaya cak. Daga nan sai ya janye sinadaran a hankali, ya bar zaren shi kaɗai a cikin ruwa, ba ƙwayar halitta a kusa, ba mai taimako. Zaren ya sake naɗe kansa, ya koma bakin aikinsa. Wuraren nan 8 suna iya ƙullewa ta hanyoyi 105 daban-daban, ɗaya tak ce daidai, kuma ita ya zaɓa. Wannan aiki ya kai shi ga kyautar Nobel a 1972.

Abin da ke jan zaren ya naɗe kuwa, mafi girmansa rashin jituwar mai da ruwa ne. Wasu amino asid suna son ruwa, wasu suna gudunsa kamar yadda mai ke yi. Tunda cikin ƙwayar halitta ruwa ne, sai masu gudun ruwa su ruga tsakiya su ɓuya, masu son ruwa su tsaya a waje su yi musu katanga. A riƙe wannan batu da kyau, domin kusan duk ɓarnar da za mu ambata a gaba tana farawa ne daga lokacin da abin da ya kamata ya ɓuya a ciki ya leƙo waje.

Idan hanyoyin naɗewa suna da yawa haka, yaya yake dacewa da ta daidai da sauri?

Cyrus Levinthal ya yi wannan tambaya a 1969, har yau ana kiranta da sunansa. A ce furotin yana da duwatsu 100, kowane dutse yana iya juyawa ta fuska 3 kawai. Siffofin da za su iya fitowa sun kai lamba 5 da sifiri 47 a bayanta. Ko da zaren yana gwada siffa tiriliyan guda a kowace daƙiƙa, lokacin da zai ci kafin ya gama ya ninka shekarun sararin samaniya ninkin-ba-ninkin. Amma a zahiri ƙananan furotin sukan gama naɗewa kafin ƙiftawar ido.

Ashe ba lalube yake yi ba. Masana suna kwatanta abin da mazurari: duk ta inda ka zuba ruwa a bakinsa, gangara ce za ta kai shi ƙasa. Maƙwabtan duwatsu sukan fara kama juna su yi murɗi ko shimfiɗa, siffofi biyun da Linus Pauling da abokan aikinsa suka bayyana a 1951, sannan waɗannan su haɗu. Kowane mataki yana rage zaɓin da ya saura. Sai dai bangon mazurarin ba sumul yake ba. Yana da ramuka, kuma zare yakan faɗa ɗaya ya maƙale a rabin hanya.

Ke nan kuskure yana faruwa a jikin mai lafiya ma?

Kullum, a kowace ƙwayar halitta. Kwalbar Anfinsen ruwa ce tsabtatacciya, amma cikin ƙwayar halitta cunkoso ne, kowa na gogar kowa. Sabon zare da bai gama naɗewa ba yana iya manne wa maƙwabcinsa kafin ya samu kansa.

Don haka jiki yana da wasu furotin na musamman da za mu iya kira 'yan rakiya. Wasunsu sukan riƙe wuraren da ke da danƙo har zaren ya gama fitowa. Wasu kuma siffar tulu gare su, har da murfi: zaren ya shiga, a rufe shi na 'yan daƙiƙoƙi ya naɗe shi kaɗai ba mai damunsa, sannan a buɗe ya fito. Ulrich Hartl da Arthur Horwich ne suka yi fice wajen gano yadda wannan tulu ke aiki. An fara jin ɗuriyar wannan tsari ne tun 1962, lokacin da Ferruccio Ritossa a Italiya ya lura cewa da zafi ya ƙaru a kan wasu ƙananan ƙudaje da yake nazari, sai wasu ƙwayoyin gadonsu suka farka suka kama aiki. Zafi yana kwance naɗin furotin, shi ya sa jiki ke ƙara yawan 'yan rakiya idan ya ji zafi.

Wanda ya ƙi gyaruwa kuma, sai a manna masa wata 'yar alama mai suna yubikwitin, a tura shi wani injin niƙa da ke cikin ƙwayar halitta, a daddatsa shi, a sake amfani da duwatsun. Gano wannan ya jawo kyautar Nobel ta 2004. Idan tarkacen ya yi girman da ba zai shiga injin ba, ƙwayar halitta takan naɗe shi a jaka ta narkar, aikin da Yoshinori Ohsumi na Japan ya samu Nobel a kansa a 2016. Cuta tana kunno kai ne idan ɓarna ta fi ƙarfin masu shara.

Ta wace hanya naɗin baibai yake zama cuta?

Hanya biyu ce babba. Ko dai a rasa ma'aikacin, ko kuma ma'aikacin ya zama annoba.

Misalin ta farko shi ne cutar sistik faiburosis, wadda ake gado, mai sa majina ta yi kauri ta toshe huhu. An gano ƙwayar gadonta a 1989. Furotin ɗin wata ƙofa ce a bangon ƙwayar halitta da sinadarin gishiri ke bi ya fita, ruwa ya bi shi. Duwatsunsa 1,480 ne. A wajen mafi yawan masu cutar, guda ɗaya ne ya ɓace, na 508. Saboda wannan gurbi, naɗin yakan yi nawa ya karkace, masu duba inganci su kama shi su niƙe tun bai isa bango ba. Abin tausayin shi ne da an bar shi ya isa, da ya ɗan yi aiki. An ga haka a ɗakin gwaji: da aka rage wa ƙwayoyin halittar zafi, sai wani kaso na furotin ɗin ya naɗe ya kai wurin aikinsa.

A hanya ta biyu, furotin ɗin da ya karkace ba ya tafiya ko'ina. Yakan manne wa ɗan'uwansa, su jawo na uku, su cure su zama tsibi. Akwai ma cutar da ta haɗa biyun: wani furotin da hanta ke ƙerawa domin ya kare huhu, idan ya samu matsala sai ya taru a hantar ya lalata ta, huhu kuma ya zauna ba mai tsaro.

Sikila fa, tana cikin wannan sahu?

Maƙwabciya ce ta kusa, amma da ɗan bambanci da ya kamata a faɗa. A 1949 Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himogulobin ɗin masu sikila ya bambanta da na sauran mutane, sannan a tsakiyar shekarun 1950 Vernon Ingram ya gano inda bambancin yake: dutse na 6 a cikin zare mai duwatsu 146. An cire mai son ruwa an sa mai gudunsa. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Himogulobin ɗin sikila yana naɗewa kusan daidai, yana kuma ɗaukar iska. Matsalar ita ce wannan ɗigon danƙo da ke bayansa. Da zarar ya sauke iskar da ya ɗauko, sai ya kama na kusa da shi, su jeru su zama dogayen sanduna da ke tanƙwara ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Idan iska ta dawo, sandunan sukan wargaje. Maganin haidiroksiyuriya yana taimakawa ne ta hanyar ƙara yawan irin himogulobin ɗin jarirai, wanda ba ya shiga wannan jeri, yana ma katse shi.

Mene ne amiloyid da ake yawan ambata?

Shi ne tsibin da ya fi kowane taurin kai. Likitan Jamus Rudolf Virchow ne ya sa masa wannan suna a 1854, bisa zaton cewa wani nau'in sitaci ne, daga baya aka gane furotin ne amma sunan ya riga ya zauna. Har yau idan likita yana zarginsa, yakan yanki ɗan ƙaramin nama, ya shafa masa wani jan rini, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A hasken yau da kullum wurin yakan fito ja-ja. Da an juya zuwa wani haske na musamman, sai ya yi walƙiya kore shar. Wannan koren shi ne shaida.

A ciki, zarurrukan furotin iri ɗaya ne suka kwanta a kan juna, ɗaya bisa ɗaya kamar matakalar tsani, dubbai a jere, suka kulle juna gam. Bakin kowane tsani kuma wurin ɗaukar sabo ne: duk ɗan'uwan da ya zo wucewa, sai a jawo shi a tilasta masa irin wannan kwanciya. Idan tsanin ya karye biyu, bakuna sun zama huɗu. Shi ya sa abin yake farawa a hankali ƙwarai, sannan ya zabura.

Chris Dobson na Ingila ya nuna cewa kusan kowane furotin, idan aka matsa masa, yana iya zama amiloyid. Ana danganta cututtuka kusan 50 da irin wannan taruwa. Ana ganinsa a gaɓar da ke fitar da insulin a jikin yawancin masu ciwon sukari nau'i na 2, ana ganinsa a gaɓoɓin waɗanda suka daɗe ana yi musu wankin ƙoda. Kuma ba kowane amiloyid ne mugu ba: ƙwayoyin da ke ba fata launi suna amfani da wani irinsa a matsayin madogara.

Cutar Alzheimer ba gigin tsufa ba ne kawai da aka sa wa sunan Turawa?

A'a, kuma wannan kuskure yana jawo wa marasa lafiya wulaƙanci da rashin kulawa. Mace ta farko da aka bayyana cutar a kanta shekarunta 51. Sunanta Auguste Deter, an kai ta asibitin masu taɓin hankali a Frankfurt a 1901. Likita Alois Alzheimer ya zauna da ita yana yi mata tambayoyi yana rubutawa. Ya ce ta rubuta sunanta, ta fara, ta tsaya a tsakiya ta manta abin da take yi. Ta ce masa: na ɓatar da kaina. Bayan rasuwarta a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta, ya ga abu biyu: wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu cukurkuɗaɗɗun zarurruka a cikinsu.

Sai a shekarun 1980 aka san ko mene ne. Dunƙulen wani guntun furotin ne mai duwatsu 40 zuwa 42, ana ce masa amiloyid-beta, wanda George Glenner da Caine Wong suka tace a 1984. Zarurrukan kuma furotin ne mai suna tau, wanda aikinsa na asali riƙe hanyoyin sufuri ne a cikin ƙwayar jijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da cututtukan gushewar tunani, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 kuma Alzheimer ce. Tsufa yana ƙara haɗarin, amma mutane da yawa sukan haura 90 da hankalinsu garau.

Ita ma Parkinson haka labarinta yake. James Parkinson ya bayyana ta a 1817, Friedrich Lewy ya ga tarin da ke cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar masu ita a 1912, sai a 1997 aka gano cewa furotin ne mai duwatsu 140, alfa-sinukilin. A cutar Huntington kuma, wadda aka gano ƙwayar gadonta a 1993, dutse iri ɗaya ne ake ta maimaitawa a wuri guda. Idan maimaicin ya kai 40 ko fiye, cutar za ta bayyana, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon saurin zuwanta.

Tarin ne yake kashe ƙwaƙwalwa, ko alama ce kawai ta wata ɓarnar?

A nan gardama ta fi zafi, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Masu cewa amiloyid ne tushe suna nuna iyalan da ke gadon cutar tun suna 'yan shekara 40 ko 50, waɗanda duk sauyin ƙwayoyin gadonsu ya shafi yadda ake samar da amiloyid-beta. Ƙwayar gadon furotin ɗin da ake yanko shi daga ciki tana kan kuromosom na 21 (kuromosom shi ne ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), masu lalurar Down kuma suna da uku maimakon biyu, shi ya sa tarin ke bayyana musu da wuri. A 2012 aka gano wani sauyi a jikin wasu mutanen Aisland da ke rage samar da amiloyid-beta, kuma yana kare su daga cutar.

Masu ja da wannan ra'ayi suna cewa akwai tsofaffi da yawa da ƙwaƙwalwarsu ke cike da dunƙulen amma tunaninsu lafiya lau, kuma yaɗuwar tau ta fi tafiya daidai da tsananin mantuwa. Wasu masana ma suna ganin manyan dunƙulen ba su ne masu guba ba, ƙananan gungun da ke yawo kafin su dunƙule su ne.

Magunguna sun ɗan raba gardamar, ba su kashe ta ba. Bayan gwaje-gwaje da dama da suka faɗi, an amince da lecanemab a Amurka a 2023, sai donanemab a 2024. Dukansu suna share amiloyid daga ƙwaƙwalwa sosai. A gwajin lecanemab, wanda ya ƙunshi mutum kusan 1,800 na tsawon wata 18, saurin taɓarɓarewa ya ragu da kashi 27 cikin 100. Ba ya dawo da abin da ya tafi, ba ya tsayar da cutar, kuma kusan mutum 1 cikin 8 ya samu kumburi a ƙwaƙwalwa da aka gani a hoto. A ganina wannan ci gaba ne na gaske, amma zalunci ne a sayar wa iyalan majinyaci da shi a matsayin waraka. Abin da ya fi bayyana shi ne ana zuwa a makare, domin tarin yakan fara shekara 15 zuwa 20 kafin mantuwa ta farko.

Da gaske ne furotin zalla yana iya yaɗa cuta kamar ƙwayar cuta?

Gaskiya ne, ko da yake an daɗe ana yi wa masu faɗin haka kallon waɗanda suka saki hanya. Makiyayan Turai sun san wata cutar tumaki tun ƙarni na 18, mai sa tunkiya ta yi ta goga jikinta a jikin shinge har ta mutu. A shekarun 1950 kuma aka tarar da wata cuta mai suna kuru a cikin al'ummar Fore ta Papuwa Niyu Gini, tana kashe mata da yara musamman, da makyarkyata da kasa tafiya. Ta yaɗu ne ta wata al'adar makoki ta cin sassan jikin mamaci domin girmama shi. An daina al'adar a ƙarshen shekarun 1950, amma an ci gaba da samun masu mutuwa har cikin shekarun 2000, wato cutar tana iya kwanciya a jiki shekara 40 zuwa 50. Carleton Gajdusek ya nuna cewa ana iya ɗaukarta, aka ba shi Nobel a 1976, amma kowa yana zaton wani bairos ne mai nawa.

Sai dai abin ya ƙi mutuwa da hasken da ke lalata ƙwayoyin gadon kowane bairos. A 1982 Stanley Prusiner ya fito ya ce furotin ne tsurarsa, ya sa masa suna firiyon. Daga baya aka gano abin da ya fi wannan ban tsoro: kowa yana da wannan furotin a ƙwaƙwalwarsa, da naɗinsa na lafiya. Mai cutar jerin duwatsunsa ɗaya ne da mai lafiyar, naɗin ne kawai ya bambanta, kuma duk mai lafiyar da ya taɓa sai ya mayar da shi irinsa. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Hujja mai ƙarfi ta zo a 1993, lokacin da aka samar da ɓerayen da ba su da wannan furotin kwata-kwata, aka yi musu allurar firiyon, ba abin da ya same su. Prusiner ya karɓi Nobel a 1997.

Duniya ta ɗanɗana kuɗarta a Birtaniya. An tabbatar da haukan shanu a 1986, bayan an daɗe ana ciyar da shanu garin nama da ƙashin dabbobi. Fiye da shanu 180,000 aka tabbatar sun kamu, aka hallaka miliyoyi. A watan Maris na 1996 gwamnati ta sanar cewa da alama cutar ta tsallaka zuwa mutane, kuma mutum 178 suka mutu a ƙasar, yawancinsu matasa. Nau'in da ke tasowa haka kawai a jikin mutum, cutar Creutzfeldt-Jakob, tana kama mutum 1 zuwa 2 cikin miliyan a shekara, kuma yawanci ba ta cika shekara ba ta yi kisa. Firiyon ba ya jin tafasawa ko magungunan tsabtace kayan asibiti na yau da kullum, don haka kayan tiyatar ƙwaƙwalwa suke da dokoki na daban.

To ana iya ɗaukar Alzheimer ko Parkinson daga majinyaci?

A'a. Ba a ɗauka ta zama tare, ko taɓawa, ko numfashi, ko jinya. Kada wannan tsoro ya sa a guji mara lafiya a lokacin da ya fi bukatar mutane.

Abin da bincike ya nuna shi ne tau da alfa-sinukilin suna yaɗuwa daga ƙwaya zuwa ƙwaya a cikin ƙwaƙwalwa guda. A 2008 an duba ƙwaƙwalwar wasu masu Parkinson da aka dasa wa sababbin ƙwayoyin jijiya fiye da shekara 10 kafin rasuwarsu, aka tarar tarin ya shiga cikin dashen. An kuma ba da rahoton wasu 'yan tsirarun mutane a Birtaniya da alamun Alzheimer suka bayyana musu da wuri, bayan an yi musu allurar sinadarin girma da aka tatso daga gawawwaki suna yara. An daina wannan hanya tun 1985.

Me ya sa yawancin cututtukan nan sai an manyanta?

Masu gyara da masu shara suna raunana da shekaru. Ƙwayar fata ko ta hanji takan rabu biyu ta raba sharar, ko ta mutu a maye gurbinta, amma yawancin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su ne dai waɗanda aka haife ka da su. Misali mafi kusa yana cikin ido. Furotin ɗin da ke tsakiyar ɗan madubin ido an ƙera su tun mutum yana ciki, ba a kuma sauya su har abada. Shekara 60 ko 70 suna shan haske, sannu a hankali wasu su kwance su cure, madubin da yake garau ya yi fari. Wannan ita ce yanar ido.

Akwai inda wannan bincike ya kai ga magani na haƙiƙa?

Akwai, kuma labarin da na fi so a ba mutane shi ne na wani furotin da hanta ke zubawa a jini, mai suna taranstairetin. Guda huɗu ne suke haɗuwa su yi aiki tare. Idan suka rabu, kowane ɗaya yakan kwance ya zama amiloyid, ya taru a jijiyoyi ko a zuciya. Likita Corino de Andrade ya bayyana nau'in da ake gado a 1952 a cikin iyalan masunta a arewacin Fotugal, inda ake ce mata ciwon ƙafafu. Jeffery Kelly a Amurka ya gano cewa rabuwar huɗun nan ita ce matakin da komai ya rataya a kansa. Sai ya nemi ɗan ƙaramin sinadari da zai shiga tsakaninsu ya riƙe su kamar ƙusa. Aka samu tafamidis, aka amince da shi a Turai a 2011. A gwajin masu ciwon zuciya 441 na tsawon wata 30, ya rage mace-mace da kusan kashi 30 cikin 100. A 2018 kuma aka amince da patisiran, wanda yake hana hantar ƙera furotin ɗin tun daga tushe.

Wannan cuta ba ta tsaya a Fotugal ba. Akwai wani sauyi a wannan furotin da asalinsa Afirka ta Yamma ne, wanda kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka ke ɗauke da shi. Yana sa bangon zuciya ya yi kauri ya sandare bayan shekara 60, kuma sau da yawa akan ɗora laifin a kan hawan jini.

A sistik faiburosis ma an samu magungunan da ke tallafa wa furotin ɗin ya naɗe ya isa bango, da wani da ke riƙe ƙofar a buɗe. Haɗinsu, Trikafta, ya fito a 2019, ya kuma sauya rayuwar masu cutar da suka samu halin sayensa, don tsadarsa ta sa da yawa ba su kai gare shi ba.

An ce ƙirƙirarriyar basira ta warware matsalar naɗewar furotin. An gama ke nan?

An warware wani babban ɓangare, amma da sauran rina a kaba. Tun 1994 ake wata gasa duk bayan shekara 2, wadda John Moult ya assasa: a ba masu bincike jerin duwatsun furotin da aka riga aka gano siffarsa a asirce, su yi hasashe da kwamfuta, a gwada. A 2020 manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta yi hasashen da a mafi yawan lokuta ya yi kusa da na ɗakin gwaji. Zuwa 2022 an saki hasashen siffofi fiye da miliyan 200 kyauta. A 2024 Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind suka raba Nobel da David Baker, wanda ya shahara da ƙera sababbin furotin da babu su a halitta. Ya kamata a tuna cewa manhajar ta yi karatu ne a kan rumbun siffofin da aka buɗe a 1971 da guda 7 kacal, wanda masu bincike suka yi shekara 50 suna cikawa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da take bayarwa shi ne inda zaren zai ƙare idan komai ya tafi daidai. Ba ta nuna hanyar da ya bi, ko ramin da ya faɗa, kuma ba ta da ƙarfi wajen faɗin abin da sauya dutse ɗaya zai haifar. Bugu da ƙari, tau da alfa-sinukilin ba su da tsayayyar siffa ko a jikin mai lafiya, lilo suke yi kamar igiya a ruwa. Cutarsu ita ce su kama siffar da bai kamata su kama ba.

Ina bincike ya dosa yanzu?

Gefe guda shi ne gano cuta da wuri. Masana sun mayar da muguwar ɗabi'ar tarin ta zama ma'auni: a ɗebi ɗan ruwan laka na majinyaci, a zuba a cikin furotin mai lafiya, a yi ta girgizawa. Idan akwai ko ɗan ƙwaryar iri na mai naɗin baibai, zai mayar da sauran irinsa har na'ura ta gani. Da wannan ake gano cutar Creutzfeldt-Jakob a yau, an kuma nuna yana aiki a kan Parkinson. Gwajin jini na Alzheimer, mai auna wani nau'in tau, shi ma ya fara shiga asibitoci.

Ɗaya gefen shi ne ganin tarin ƙuru-ƙuru. Da wata na'urar da ke daskarar da samfur nan take ta ɗauki hotonsa da ilektiron, ƙungiyar Michel Goedert da Sjors Scheres a Ingila ta fitar da siffar zarurrukan tau daga ƙwaƙwalwar wata mai Alzheimer a 2017. Da suka ci gaba da duba wasu cututtukan da tau ke haddasawa, kamar cutar Pick da wadda ke kama 'yan dambe da sauran masu yawan shan bugu a ka, sai suka tarar kowace cuta da irin naɗinta, kuma duk masu cuta iri ɗaya naɗinsu ɗaya ne. Furotin guda, naɗi daban-daban, cuta daban-daban. Yanzu ana amfani da waɗannan siffofi wajen rarrabe cututtukan, da kuma ƙera sinadaran da za su kama naɗi ɗaya su ƙyale sauran, ko don a gan shi a hoton ƙwaƙwalwa tun mutum yana raye, ko don a toshe bakin tsanin kada ya ƙara tsawo.